Leɓen Auta Kafin Ƙarfe Huɗu

Kafin Mai Sawu ya iso layin, an riga an fasa gilashin shagon kwalliya. Mutum ya fi hamsin a bakin ƙofa, wasu da duwatsu a hannu, wasu da waya suna ɗauka. Wani ƙato cikin rigar makanikai yana ta dukan ƙofar ƙarfen da sifana, yana rantsuwa yau sai ya ƙone shagon da mai shagon a ciki.

"Kai, sauke ƙarfen nan," in ji Mai Sawu. "Me ta yi maka?"

"Ƙanwata ta yi wa allura a leɓe, Baba! Auta tana asibiti, leɓenta ya yi baƙi, ruɓewa yake yi!"

"Da idonka ka ga ta yi mata?"

"Sai na gani? Duk layin nan wa bai san abin da matar nan ke yi a ɗakin baya ba?"

Jama'a suka ɗauka da "ƙwarai kuwa". Waɗanda matansu ke shiga ɗakin bayan duk mako ma su suka fi kowa ɗaga murya.

Mai Sawu tsoho ne, ma'aikacin hukumar da ke sa ido a kan asibitoci da shagunan magani. Yana yaro ya sha bin ubansa neman sawun dabbobin da aka sace, shi ya sa har yau in yana magana da kai ƙasa yake kallo, sai ka zaci kunya ce. Ina kunya! Takalminka yake karantawa. Ya bar 'yan sanda biyu a bakin shagon, ya gaya wa Makaniki in dutse ɗaya ya sake tashi shi zai kwana a bayan kanta, sannan ya nufi asibiti.

* * *

Likitan da ke duba Auta bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ja shi gefe a baranda ya rage murya.

"Yarinyar in ta yi murmushi dasashinta na sama yana fitowa sosai. Wani ya yi mata allurar ciko, wadda 'yan gayu ke kira fila, don leɓen ya ɗan yi nauyi ya rufe dasashin. To, cikon ya toshe jijiyar jini. Tun jiya da yamma jini ba ya isa wurin yadda ya kamata."

"Babu magani?"

"Akwai allurar da ke narkar da ciko, amma iri ɗaya kaɗai take narkarwa. In wani iri ne aka yi mata, aikin banza ne. Ga wata kuma: ƙudan zuma ya taɓa harbin yarinyar nan numfashinta ya ɗauke, da kyar aka ceto ta. Mai irin wannan jiki, allurar narkarwa tana iya shaƙe ta. Zan yi kasada in yi mata da kayan ceto a gefe, in na san za ta yi amfani. Amma ba zan yi caca da ranta a kan abin da ban san sunansa ba."

"Zuwa yaushe?"

"Ƙarfe huɗu. In ya wuce haka sai wuƙa, kuma rabin leɓen zai tafi. Ka samo mini sunan abin, Baba. Kwali, sirinji, ko me ka samu."

Agogon baranda ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Auta tana kwance, an ɗaga mata kai da matashi biyu. Mai Sawu ya san muryarta, don ita ke karanta labaran rana a rediyo, amma yau ya fara ganin fuskarta. Leɓen sama ya kumbura, gefen dama ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi kamar cinyayyen gauta. Yana da jika sa'arta.

A gefen gado yayarta ce zaune, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarsu. Yaya Nas ake ce mata, shekara goma sha tara tana yi wa jarirai allurar rigakafi. Tana cikin fararen kayan aiki da katin aiki rataye a wuya, don ta shirya fita da safe ta ga halin da ƙanwarta ke ciki. Idanunta sun kumbura sun yi jajir.

"'Yata," in ji Mai Sawu, "wa ya yi miki?"

Auta ta juya fuska bango. Ya miƙa mata biro da takarda, ta daɗe kafin ta rubuta: Ni na yi wa kaina.

Ya sunkuya ya dubi leɓen. Hujin allura huɗu ne, biyu dama biyu hagu, tsakaninsu daidai wa daida kamar an auna da rula. Wanda ke kallon madubi hannunsa na rawa ba ya yin haka.

"Ke fa, Yaya? Me kika sani?"

"Jiya na dawo aiki na tarar ta rufe baki da gyale," in ji ta, muryarta a dushe. "Na dai san watan jiya ta je wurin wata likitar haƙori a kan maganar dasashin nan."

* * *

Likitar haƙori gajeriyar mace ce mai saurin magana, kuma ba ta ji daɗin ganinsa ba.

"Ta zo, na duba ta, na ƙi yi mata," ta ce, ta tura masa fayil. "Karanta. Tunda ta faɗa mini zancen ƙudan zuma na ajiye biro. Ba na cika wa mutum leɓe in na san ba zan iya narkar masa ba ranar da abu ya ɓaci. Na ce ta yi haƙuri mu bi wata hanya a hankali, ta ce ba ta da hankalin jira."

"Saurin me take yi?"

"Talabijin. Za a mayar da ita can daga rediyo, ran Litinin za a gwada ta. Wani mai baƙin baki a wurin aikin ya ce mata in kyamara ta hasko ta kada ta kuskura ta yi murmushi. Yarinya kyakkyawa son kowa, ta zauna a kujerar nan tana kuka da hannu a baki."

Ya sa aka buɗe firij da kabad aka duba kayan ciko. Ko ɗaya bai ɓata ba. Yana shirin tashi sai idonsa ya kai ɗaki na gaba, inda nas ɗin asibitin ke shirya wa wata mata allura. Ta buɗe kwali, ta ɓare wata 'yar takarda daga ciki, ta manna a bayan hannunta, duk tana hira ba ta ko kallon abin da take yi.

"Wancan fa, mene ne?"

"Sitika ce. Sunan magani da lambarsa ke jiki, in an gama a manna a fayil ɗin mara lafiya. Kowa da inda yake ajiye tasa kafin ya gama, wata a hannu, wata a agogo. Duk wanda ya koyi allura a makaranta, Baba, hannunsa ba ya buɗe kwali bai ɓare ta ba. Ni ko kwalin shayi na buɗe sai in ji yatsana yana lalube."

Mai Sawu ya jefa ƙwayar kanumfari a baki ya yi sallama. Sha biyu da rabi ta gota.

* * *

Mai Kwalliya tana ƙarƙashin teburin gyaran farce, ta rungume na'urar busar da gashi kamar bindiga. Da ta gane ba Makaniki ba ne ta rarrafo waje tana salati.

"Baba, na rantse da Wanda Ya busa mini numfashi, ban taɓa yarinyar nan ba!"

"Amma kina allura."

Ta ajiye na'urar a tebur. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ina yi," ta ce daga ƙarshe. "Kaɗan-kaɗan. Sau uku Auta tana zuwa tana roƙona, sau uku ina korar ta. Ina ni ina ƙanwar nas? In ta kumbura wa zai raba ni da hukuma? Ga shi ban ci nanin ba, nanin tana neman ci na."

"Nuna mini ɗakin baya."

Ɗakin ko tagar kirki babu, sai kwan fitila ɗaya da kujera mai yagaggen soso. Ya kifar da kwandon shara a ƙasa ya tona da ƙafa. Auduga, safar hannu, allurai tsirara babu marufi, da kwalayen ciko bakwai. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da sitikarsa a ciki, ba a taɓa ba.

"Wannan 'yar takardar, me kike yi da ita?"

Ta leƙa. "Wannan? Ba adon kamfani ba ne?"

Ya ji kamar ya kwaɗa mata mari, ya danne. Kwalayen iri uku ne daban-daban, ko da ita ce ma ba zai san wanne zai kai wa likita ba. Kuma zuciyarsa ta gaya masa ba ita ba ce: hannun da ke zubar da allura tsirara a shara ba shi ya jera hujin nan huɗu ba.

"Shagonki a rufe yake daga yau," ya ce. "Sa takalmi, 'yan sanda za su kai ki asibiti ki jira ni."

Ƙarfe biyu ta yi. Awa uku sun tafi a kan mutum biyu da ba su yi ba, haushin kansa ya kama shi. Ubansa da yana raye da ya ce masa ai ba a fara bin sawu daga kasuwa, daga turke ake farawa.

* * *

Makaniki ne ya buɗe masa gidan su Auta, har yanzu yana huci. Ɗakin Auta tsaf-tsaf, an share an goge har yana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Ƙanwarka mai tsafta ce haka?"

"Auta? Kofin shayinta sai ya yi kwana uku a ƙarƙashin gado."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwantar da kai ya kalli ledar ƙasa ta gefen da haske ke bugowa. Layi biyu ne siriri, daga wajen tebur zuwa gindin taga. An ja kujera mai nauyi an kai ta inda hasken rana ya fi, sannan aka mayar da ita. Nan aka yi aikin, kuma wanda ya yi ya san allura tana son haske.

"Ina kuke zubar da shara?"

A bayan gida, kusa da famfo, ya tarar da toka sabuwa, an yayyafa mata ruwa. Ya tona da tsinke. Ƙonannen kwali ne da narkakkiyar roba, ko harafi ɗaya bai tsira ba. Ya zauna a bakin rariya ya dafe kai. Uku saura minti biyar, kuma abin da ya zo nema ya zama toka. Fuskar yarinyar ta dawo masa.

"Baba, lafiya?"

"Yi mini shiru."

An share ɗaki, an kwashe, an ƙone. To amma da me aka share? Ya miƙe da sauri har sai da ya dafa bango. Tsintsiyar tana jingine a bayan ƙofar kicin. Ya kwance igiyarta ya baza tsinkayen a ƙasa: gashi, zare, ɓawon gyaɗa, sai wata 'yar takarda mai santsi, tsawon yatsa, maƙale can ciki. Irin wadda ake ɓare sitika daga jikinta ce. Tsakiyarta fayau, an ɓare.

Ya daɗe yana kallon ta. Ya samu abin da yake nema, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

"Tayar da mota," ya ce. "Ka yi gudun da ba ka taɓa yi ba."

* * *

Huɗu saura ashirin da biyar suka taru a ofishin likita: likitan da kansa yana tsaye yana kallon agogo, likitar haƙori da aka kira a waya, Mai Kwalliya tsakanin 'yan sanda biyu, Makaniki yana harararta, sai Yaya Nas da aka taso daga gefen gado. A ɗaki na gaba an riga an fara jera kayan tiyata, ana jin ƙarar su a faranti.

Mai Sawu ya ajiye 'yar takardar a tebur.

"Wanda ya yi wa Auta allura a ɗakinta ya yi mata, jiya da sauran rana. Ya ƙone kwali, ya ƙone sirinji, ya share ya goge. Amma kafin duk wannan, hannunsa ya ɓare sitika daga kwalin. Mai Kwalliya ba ta ma san amfanin ta ba, ado take ce mata."

"To ai likitar nan ce!" in ji Makaniki.

"Jiya har shida ina kan bakin mutane, da shaidu goma," in ji likitar haƙori. "Ka iya bakinka."

Mai Sawu bai ɗago ba. Takalman roba farare yake kallo, masu faɗin ƙasa, waɗanda tun shigowarsa ba su tsaya wuri ɗaya ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "a wurin aikinku, in kin ɓare sitikar rigakafi, ina kike manna ta kafin ki sa a katin jariri?"

Hannunta ne ya amsa: ya tashi da kansa ya dafe katin aikin da ke wuyanta. Ta sunkuya ta kalli hannun kamar na wani.

"Juya shi."

Ta juya. Ga sitika nan a bayan katin, fara mai layin shuɗi, a miƙe ɗas. Ita kanta ta zaro ido, don wallahi ba ta san tana nan ba. Kwana ɗaya cur tana yawo da ita a ƙirji.

Likita ya fizge katin har igiyar ta tsinke, ya kai kusa da ido, ya danna lambar a waya.

"Mai narkewa ne," ya ce. "A kwashe wuƙaƙen nan! A kawo allurar narkarwa da kayan ceto, maza!" Ya fice a guje, likitar haƙori tana biye da shi.

Yaya Nas ta sulale ƙasa.

"A waya na saya," ta ce, kuka yana cin maganar. "Rubutun kwalin ba na iya karanta shi, mai sayarwa ya ce lafiyayye ne. Na kalli yadda ake yi ya fi sau ɗari. Da na ga leɓen ya yi fari na tsorata na ƙone komai, na ce zuwa safe zai washe. Yau na kira lambar mutumin ya fi sau hamsin, a kashe. Ko na ce ni ce, ban san sunan abin ba, Baba, me zai ƙara mata? Ita kuma ta sa na rantse..."

"Ke?" Makaniki ya ja da baya har ya bugi ƙofa. "Yaya, ke? Kina ji na ɗauki sifana na tafi, kika yi shiru?"

"Nan ne ban yafe miki ba," in ji Mai Sawu, muryarsa ta yi kauri. "Kuskuren hannu daban. Amma kina zaune za a ƙone mace da ranta saboda ke."

"A gaya mata dai!" in ji Mai Kwalliya, sai kuma ta fashe da kuka ita ma.

Yaya Nas ta ɗago. "Ka tafi da ni duk inda za ka kai ni. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar ni in riƙe mata hannu. Tsoron allura take yi tun tana goye."

Doka ba ta ce haka ba. Mai Sawu ya dubi 'yan sandan, suka kau da kai.

"Tashi," ya ce.

* * *

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. An soka allurar farko, aka jira. Numfashin Auta ya fara sama-sama, wuyanta ya yi ja, likita ya miƙa hannu aka sa masa wata sirinji, ya soka mata a cinya. Yaya Nas ta kifa goshi a hannun ƙanwarta tana addu'a a bayyane. Minti ɗaya, biyu, ƙirjin ya fara sauka daidai. Aka ci gaba, ana sokawa ana murza leɓen da yatsa.

Wajen biyar da rabi likita ya danna gefen leɓen ya saki. Wurin ya yi fari, sannan a hankali ja ya biyo baya. Ya sake dannawa ya saki, jan ya dawo da sauri fiye da na farko.

"Jini ya wuce," ya ce, ya share gumi da kafaɗa. "Ɗan tabo zai saura a gefen dama. Amma leɓen nata ne."

Yaya Nas ta miƙe ta gyara wa Auta matashi, ta juya za ta nufi ƙofa. Ba ta yi taku biyu ba ta tsaya: Auta ta damƙe gefen farar rigarta. Ta buɗe kumburarren bakin da kyar, maganarta ta farko ke nan tun safe.

"Baba, ni na roƙe ta. Wata uku ina roƙon ta tana ƙi."

"Na sani, 'yata. Zan rubuta haka, da babban baƙi."

"To ka bar ta."

Mai Sawu ya kalli ƙasa, wannan karon ba don yana karanta komai ba. A shekara talatin na aiki bai taɓa jin nauyin kakinsa irin na yau ba.

Yaya Nas ce ta raba gardamar. Ta sunkuya ta sumbaci goshin ƙanwarta.

"Kada ki yi kuka, leɓen zai ja," ta ce. Sannan ta shiga ɓamɓare yatsun daga rigarta, ɗaya bayan ɗaya.